Baba Ashe, Mai Ɗaga Aska Ya Jira Amsa

Da hantsi yake shigowa, bayan likitoci sun gama zagayen safe, masu shara sun goge ƙasa, ɗakin kwanciyar maza ya ɗauki warin maganin nan da kowa ya san asibiti da shi. Akwatin katako a hannun dama, tawul a kafaɗa. Ba ya buɗe akwatin sai ya bi gadaje ɗaya bayan ɗaya ya yi gaisuwa, kuma mai gadon yake gaisarwa, ba wanda ke zaune yana jinyarsa ba. Yakan rage tsawo har fuskarsa ta zo daidai da ta mai kwance, ya ce, "Maigida, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Daga nan sai ya yi shiru. In ɗan mutumin ya yi caraf ya ce, "Da sauƙi, Baba," zai gyaɗa masa kai cikin mutunci, amma idonsa ba zai bar fuskar wanda ya tambaya ba. Ko ƙifta ido mara lafiyan ya yi, ya karɓa, ya ce, "To madalla," sannan ya wuce gado na gaba.

Mai aski ne. Ba likita ba ne, ba nas ba ne, sunansa ma ba ya cikin ma'aikata. Tun yana da baƙin gemu asibitin ya ba shi izinin shiga ya riƙa gyara wa waɗanda kwanciya ta yi wa tsawo. Mafi yawansu suna can ƙuryar ɗakin, inda ake kwantar da masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ciwon ya tafi musu da hannu da ƙafa, wani lokaci ya haɗa da harshe. Yanzu gemun ya yi fari fat, hannun kuma ya fara rawa. Shi da kansa ya je ya gaya wa babbar nas cewa ƙarshen watan nan zai ajiye aska, don ba zai jira sai ya yanki wani ba tukuna. "Sista," in ji shi, "wanda ya daɗe yana yi wa mutane, yau nasa askin ya zo gaban goshi." Ta yi dariya, amma da ya juya sai da ta share ido. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana ji da kunnensa, don mun cika ajiye yabo sai mai shi ya kwanta dama.

Baba Ashe ake ce masa. Nas-nas ne suka laƙaba masa, saboda babu ranar da za ta fito ta faɗi ba a jiyo shi daga wani gado yana cewa, "Ashe?" ba. Wanda bai san shi ba zai rantse ba a taɓa yin mai ƙarancin sani irinsa ba. Sai ya zauna gaban tsohon direba ya ce ai shi a ganinsa in mota ta yi zafi, buɗe lagireto ake yi nan take a ɗura ruwan sanyi. Ya tarar da tela ya ce yana so a yanka masa yadi ba tare da an auna shi ba, ai ido ma awo ne. Direban da ya yi kwanaki bai tanka wa kowa ba sai ka ga ya yunƙura, jijiyar wuya ta tashi, yana kokawa da harshensa har ya fitar da "A'a" ɗaya mai nauyi. Shi kuwa Baba ya zaro ido ya ce, "Ashe? To yaya ake yi?" Ya gyara zama ya jira.

Yana sane yake yi. Ya lura cewa mutumin da harshensa ya karye, kunya ce take fara rufe masa baki kafin ciwon ya ƙarasa. In ka ce masa, "Daure ka ce ruwa," ka mayar da shi yaron goye, kuma babu magidancin da zai yarda ya yi gwaranci gaban 'ya'yansa don a tafa masa. Amma ɓata sana'arsa a gabansa ka gani. Ɗan Adam yana iya haɗiye yunwa, ya haɗiye zafin ciwo, amma da wuya ya haɗiye gyara a kan abin da ya ƙare rayuwarsa yana yi. A lokacin yakan manta da yadda bakinsa ya karkace, don ba roƙo yake yi ba, koyarwa yake yi.

Jiran kuwa aska ce ta koya masa. Ya taɓa gaya wa babbar nas cewa duk mai askin kirki ya san ba a yi wa mutum tambaya aska tana kan maƙogwaronsa. In ka tambaya sai ka ɗaga hannu, ka bari ya faɗi abin da zai faɗa har ya kai aya, sannan ka mayar. In ka yi gaggawa, jini ne. "To ni haka na saba hira," ya ce. "Mutane kuwa shiru ne yake ba su tsoro. Da sun ji ya ɗan yi tsawo sai su cike shi da nasu bakin."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya sani, in zai faɗa tsakaninsa da Allah. Mukan tsaya a kan mutum muna tambayar matarsa, "Ya ci abinci? Yana gane mutane kuwa?" alhali ga shi nan kwance yana jin mu sarai. Kafin ya haɗa leɓe mun ƙarasa masa zancen. Wasu har ɗaga murya suke yi, kamar ciwon a kunne yake. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, amma ƙaunar da ke ƙwace wa mutum bakinsa tana da ciwo. Abin yana ɓata wa Baba rai ƙwarai, ko da yake ba a taɓa jin ya yi wa kowa faɗa a kai ba.

Cikin waɗanda ya yi wa aski akwai wani kafinta da har yau ake ba da labarinsa a ɗakin. Dattijo ne mai shago a jikin gidansa. A bakin aiki ya faɗi, aka kawo shi ɓarin dama ba ya motsi, magana kuma ta ɗauke. Da farko yana ƙoƙari. Malamar da asibiti ya ajiye don koya wa irinsu magana tana zuwa tana aikinta da haƙuri, ta kuma ce akwai fata. Amma lokacinta kaɗan ne, sauran yinin na iyali ne, iyalin kuwa masu son ubansu ne har abin ya yi yawa. Babban ɗansa, wanda ya baro aikinsa a wani gari mai nisa ya zo ya tare a asibitin, ba ya iya ganin uban yana wahala da kalma. Da leɓe ya motsa zai ce, "Abba, kar ka wahalar da kanka, na gane." 'Yarsa kuma ta ce, "Filo yake so a gyara masa." Matarsa tana zaune a kujerar roba wajen ƙafafunsa, tana matsa masa su, ba ta cewa komai. Sannu a hankali kafinta ya daina motsa leɓen. Ya juya fuska bango, ko malamar ta zo sai ya rufe ido.

Ana cikin haka maganar sallama ta taso. Ɗan ya riga ya yanke shawara, kuma shawarar ba ta rashin hankali ba ce: zai tafi da iyayen can garin da yake aiki, ya ware musu ɗaki a gidansa, a rufe shago, a kulle gidan tsoho. A gefen gadon ake tattauna wannan, wace mota za a ɗauka, wa za a bar wa mabuɗi. Baba yana gado na kusa yana kaɗa kumfa, yana ji, yana kuma kallon hannun hagun kafinta, mai lafiyar, yadda ya damƙe zanin gado har jijiyoyi suka fito. Ya san mutumin nan yana da magana. Bai san ko mece ce ba, bai kuma ɗora wa kansa sani ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne za a ɗauke dattijo daga gidan da ya gina, a kai shi inda wataƙila can zai ƙare kwanansa, ba tare da an ji ta bakinsa ba. In aka fita da shi a haka kuwa, bakin ya rufu ke nan.

Washegari Baba ya zo da wata ƙatuwar ƙusa da 'yar guduma a aljihu. Murfin akwatinsa ya daɗe da ɓallewa a gefe, siririn katako ne da bai kai kaurin yatsa ba. Ya ja kujera ya zauna ta ɓangaren bango, inda fuskar kafinta take, ya ɗora akwatin a cinya.

"Maigida, kafin in taɓa gemun nan naka bari in gyara murfin nan, ya ishe ni. An ce kai kafinta ne, to yau za ka ga aikin gwani."

Ya kafa ƙusar a can bakin katakon, inda ko makaho ya shafa ya san zai tsage, ya ɗaga guduma. Bai buga ba. Ya gyara riƙo, ya sake ɗagawa. Idon kafinta ya buɗe, ya sauka kan ƙusar, ya koma kan Baba. Numfashinsa ya sauya. Leɓen ya fara rawa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne.

Ɗan ya taso. "Baba, don Allah ka bari, kana tayar masa da hankali. Cewa yake yi..."

Baba ya ɗaga masa tafin hannu, bai ko waiwaya ba. "Ɗana, ba ni aron shirunka kaɗan. Zan mayar maka."

Shirun ya yi tsawo, irin tsawon da ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa. 'Yar ta juya baya tana kuka a hankali. Baba kansa ya san dabarar ba kullum take ci ba. Ya taɓa yi wa wani haka, mutumin ya fashe da kuka bai ce komai ba, sai da Baba ya yi kwanaki yana ba shi haƙuri. Amma ya riƙe gudumar a sama, ya riƙe fuskarsa ta marar sani, bai taimaka da ko harafi ɗaya ba.

"Tsa," in ji kafinta. Gumi ya keto masa. "Tsa... ge."

"Zai tsage? Ashe? To me zan sa?"

Wani jiran. "Gam."

"Gam kawai? Ba ƙusa?"

Kafinta ya girgiza kai, ya ɗaga hannun hagu ya matse yatsu, alamar a danne har ya bushe. Ya kuma watsa wa Baba wani kallon raini, irin wanda tsohon gwani yake yi wa mai ɓata katako. Baba ya ce tun da yake aikin nan ba a taɓa yi masa kallon da ya kai wannan daɗi ba.

Daga ranar kullum da tambayar da zai zo da ita, yau ƙofar da ke cijewa, gobe ƙafar tebur mai rawa. Kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, a karkace, wasu ba sa fitowa sam. Malamar ta tarar ɗalibinta ya daina rufe ido, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ɗan ya yi murna, har ya riƙe hannun Baba da hannu biyu yana godiya. Amma shirin tafiya yana nan yadda yake. Ya ga baki ya fara dawowa, bai kawo a ransa cewa mai bakin yana da ra'ayi ba.

Ranar sallama Baba ya sami ɗan a baranda. Bai saba shiga sha'anin gidan mutane ba, sai da ya yi ta juya abin a ransa kafin ya yi magana.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka yi abin da ake so ɗa ya yi. Tambaya ɗaya gare ni. Tafiyar nan, ka tambaye shi?"

"Na gaya masa, Baba. Tun tuni."

"Ka gaya masa. Ina nan lokacin da ka gaya masa."

Ɗan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In na tambaye shi ya kasa amsawa fa? Ba zan iya tsayawa ina kallonsa yana fama ba. Mutumin da muryarsa ke cika gida."

Nan Baba ya gane ba uban kaɗai ake karewa daga shirun nan ba, ɗan har da kansa yake karewa, sai tausayinsa ya kama shi. "Da zafi," ya ce. "Ni ma har yau ina jin zafinsa. Ka zauna, kar ka tsaya a kansa. Ka yi tambayar gajeriya, kar ka sake juya ta da wasu kalmomi don ka ga ya daɗe. Abin da zai fito nasa ne, ko bai yi maka daɗi ba."

Suka koma ciki. An riga an ɗaure kaya, keken tura mara lafiya yana bakin gado. Ɗan ya ja kujera ya zauna, ya dubi fuskar ubansa sosai, abin da rabonsa da yi tun ranar da aka kwantar da shi.

"Abba, gidana kake so mu tafi, ko gida?"

Kowa ya ɗauka ya san amsar. 'Yar har ta buɗe baki, ta tuna, ta rufe da tafin hannu. Baba yana tsaye daga nesa da akwatinsa, shi ma a ransa ya gama cewa "gida" zai ji. Kafinta ya daɗe yana tattara kalmomin, yana farawa suna watsewa. Can ya ɗaga hannun hagu, ya nuna wajen ƙafafunsa.

"Tam... bayi... Ummanku."

Sai a lokacin aka juya aka dube ta. Tun da aka fara jinyar nan tana wurin, ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki. An yi shawarar mota da mabuɗi da ɗaki a gabanta, babu wanda ya ce mata me kika gani, har shi Baba da ake yaba wa lura. Kunya ta kama shi, ya sunkuyar da kai.

Ta daɗe ba ta ce komai ba, kuma wannan karon babu wanda ya cike mata. Da ta yi magana, ƙasa take kallo.

"Ni dai ɗakina nake so. Can na san inda komai yake, shi ma in yana jin ƙarar shago hankalinsa zai fi kwanciya. Abin da ya hana ni faɗa, ɗaga shi ne ba na iyawa. Bayana ya daɗe da ƙi, ban gaya muku ba don kar in ƙara muku wani nauyin. Na ce in na ce gida, wa zai ɗaga min shi?"

Ɗan ya kifa kansa a gefen katifa. Ya ɗauko maganin matsalar da ba ita ce ba, ta gaskiyar kuwa tana zaune kusa da shi duk tsawon jinyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi yake nunawa. Gida aka kai kafinta. Abokin aikinsa na shago, wanda suka tsufa suna jan zarto tare, ya ɗauki ɗagawar safe, mijin 'yar ya ɗauki ta yamma, ɗan kuma bai koma ba sai da ya kai uwar ta ga likita a kan bayanta. Kafinta bai koma aiki ba, maganarsa ma ba ta dawo duka ba. Amma ana fito da shi ƙofar shago, kuma an ce ba a isa a kafa ƙusa a karkace a gabansa ba.

Baba Ashe, kai ne ka yarda a ɗauke ka marar sani don wani ya tuna shi masani ne. Ba ka warkar da kowa ba, ba ka kuma taɓa cewa ka yi ba. Da yawa ka yi musu aski har suka bar duniya ba su ce maka uffan ba, amma ba ka fasa tambayarsu yadda suke so a rage gashin baki ba, ba ka fasa riƙe musu madubi ba. Ba a taɓa jin ka ce "shi" a kan mutumin da ke gabanka ba, "kai" kake ce masa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya wayi gari ana maganarsa kamar kayan da aka ba da ajiya. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannun nan hutawa, ya sa in taka ranar ta zo ka sami mai zama ya saurare ka har ka gama.

Mu kuma da muka rage, ba sai mun iya riƙe aska ba. Kowane gida yana da wanda aka daina tambaya: tsohon da ke daɗewa kafin ya kai ƙarshen zance, mai in'ina, matar da aka saba ba ta cewa komai har aka ɗauka ba ta da abin cewa. A zauna, a tambaya, a kama baki. Da wuya, babu wanda ya ce da sauƙi.

Da labarin ajiye aikin Baba ya kai gidan kafinta, matar ta sa aka kawo ta asibitin takanas. Ta same shi yana wanke buroshi a famfon baranda. Suka gaisa, ya tambayi maigida, ta ce yana nan yana yi wa mutane gyara. Baba ya fara ba ta haƙuri, ya ce shi ma ranar nan bai gan ta ba sai da aka nuna masa ita. Ta ce ya bar wannan maganar, ba ita ta kawo ta ba.

"Na haifi 'ya'yan nan, na raine su, na aurar da su," ta ce. "Ban taɓa ganin an tsaya cak don a ji ta bakina ba sai ranar. Kai ka buɗe masa baki, shi ya sa na ce sai na zo da ƙafata. Kalma biyu Allah ya ba shi ranar nan, kana gani da gumi ya same su. Bai nema wa kansa komai da su ba, Malam. Ni ya ba."